TEBUR MAI JIN YATSA: TARIHIN KWAMFUTAR DA JAMA'A KE KEWAYEWA

Muna gai da ɗaliban yaƙi da jahilci na Kona, da na ƙasar Tasawa da ta Mayahi baki ɗaya. Mun san kun gaji da aikin yini, amma kun zo, kowa da littafinsa da alƙalaminsa. Sannunku da ƙoƙari. Wanda bai samu sauraron wannan hira a rediyo ba, ga ta a rubuce. Ku karanta sannu a hankali. In kun iske suna mai wuyar faɗi, ku tsallake shi, ku ci gaba. Sunayen baƙi ne, za ku saba da su daga baya.

Abin da ya jawo hirar yau, tambaya ce da aka yi mini a aji. Wani dattijo cikin ɗalibaina ya zo da sabuwar waya, irin wadda ba ta da maɓallai, wadda ake shafawa da yatsa. Ɗansa ne ya aiko masa da ita daga wajen cin rani. Nan da nan aka kewaye shi. Kawuna suka haɗu, wannan yana ture wancan, kowa yana son ya gani. Ga fuskar wayar ba ta wuce tafin hannu ba. Sai wani manomi daga can baya ya ce: "Malam, su masu ƙera wannan abu, don me ba su yi shi da faɗi kamar faifai ba, a aje tsakiya kowa ya sa hannu?"

Na ce masa: "An yi shi, har ya fi faifai faɗi. Tebur ne guda." Suka yi dariya, suna tsammani wasa nake. To, gaskiya na faɗa musu. Yau za mu ji inda wannan tebur ya samo asali, da yadda yake aiki, da dalilin da ya sa ba mu gan shi a kasuwanninmu ba.

MENE NE WANNAN TEBUR?

Da farko mu san kwamfuta. Wasu nan wajenmu suna ce mata ordinatar. Na'ura ce mai yin lissafi, mai ajiyar rubutu da hotuna da murya. Wayar da ake shafawa ita ma ƙaramar kwamfuta ce. Kwamfutar ofis tana da fuska a tsaye kamar ta talabijin, da allon haruffa a gabanta. Mutum ɗaya ke zama gabanta, ya ba sauran jama'a baya.

Shi kuwa teburin da muke magana a kai, fuskarsa a kwance take. Samansa gilashi ne mai haske, hoto yana fitowa a kai. In ka sa yatsa a kan hoton ka ja, sai ya biyo ka. In ka sa yatsu biyu ka buɗa su, sai hoton ya ƙara girma. In ka matse su, ya ƙanƙance. Kana cikin yin haka, maƙwabcinka yana jan nasa hoton ta wancan gefe. Ba wanda ya tsai da wani.

Ku tuna da wasan dara. Ana haƙa gurabe a ƙasa, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna, ƴan kallo su kewaye su. Kowa yana ganin abin da ake yi, kowa yana ba da shawara. Ku tuna kuma da akushin tuwo. Ana aje shi tsakiya, kowa ya ci gabansa. Irin wannan zama ne masu ƙera teburin suka so a yi da kwamfuta.

Akwai abu guda kuma. Rediyo yana magana, amma ba ya jin ka. Talabijin tana nuna hoto, amma ko ka taɓa ta ba ta kula. Shi wannan tebur yana amsawa. Ka yi masa abu, ya mayar maka nan take.

Kafin a kai ga haka, sai da masana suka warware matsala uku. Ta ɗaya, gilashi ya ji yatsa. Ta biyu, ya ji yatsu da yawa a lokaci guda. Ta uku, ya san ko yatsan na wane ne. Aikin ya ɗauki shekara kusan 40. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

YADDA GILASHI YA FARA JIN YATSA

A shekarar 1965, wani masani na ƙasar Ingila mai suna E. A. Johnson ya bayyana dabarar farko. Yana aiki a wata ma'aikatar bincike ta gwamnati a garin Malvern. Ya yi tunanin mutanen da ke tsaron zirga-zirgar jiragen sama. Aikinsu yana son sauri, don kuskure kaɗan yana iya jawo hasarar rayuka. Sai ya ce: maimakon su nemi maɓalli, su taɓa abin da suke gani a fuskar na'urar kawai.

Ƙaƙa gilashi ke jin yatsa? Ga amsa. Jikin mutum yana ɗaukar wutar lantarki, ko da ƴar kaɗan ce. A jikin gilashin akwai siraran hanyoyin lantarki. In yatsa ya sauka, sai ya canza yanayin wutar a daidai wurin. Na'urar ta gane, ta ce: nan aka taɓa. Yawancin wayoyin shafawa na yau da wannan dabara suke aiki. Shi ya sa in ka taɓa wayar da karan dawa ko da tsinke, ba ta motsi. Shi ya sa kuma in hannunka da ruwa, sai ta rikice. Mu manoma, wani lokaci yatsa ya bushe ya yi kanta saboda hauya, sai wayar ta ƙi ji. Kada ka ce ta lalace. Gwada da wani yatsan mai taushi.

A 1972, a Jami'ar Illinois ta Amurka, aka fito da wata kwamfuta ta koyarwa mai suna PLATO IV. Ita wata hanya ta bi. An jera ƙananan fitilu a gefen fuskarta, suna harba haske irin wanda idon mutum ba ya gani. Hasken yana gitta juna kamar saƙar tabarma, layi 16 a tsaye, layi 16 a kwance. Ku yi lissafi: 16 sau 16, gida 256 ke nan. In ɗalibi ya sa yatsa, ya tare layi biyu, sai na'urar ta san gidan da ya nuna. Ta yi masa tambaya, ya taɓa amsa, ta gaya masa ko ya yi daidai. Kun ga tun farko, koyarwa tana cikin abubuwan da aka yi wannan aiki dominsu.

Amma duk waɗannan yatsa ɗaya suke ji. In mutum biyu suka taɓa tare, sai na'urar ta ruɗe.

A 1982, wani ɗalibi a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, mai suna Nimish Mehta, ya samo mafita. Ya ɗauki gilashi mai hazo-hazo, ya sa kyamara a bayansa. Duk yatsan da ya sauka a kan gilashin, kyamarar tana ganinsa kamar baƙin ɗigo. Yatsa ɗaya, ɗigo ɗaya. Yatsa biyar, ɗigo biyar. Hoto bai fito a kan gilashin nasa ba tukuna, amma an buɗe hanyar warware matsala ta biyu.

TEBUR MAI KARANTA TAKARDA

A 1991, a garin Kembirij na Ingila, wani masani mai suna Pierre Wellner ya yi wani abu da ya ba mutane mamaki. Yana aiki a ɗakin bincike na kamfanin Xerox. Ya ɗauki teburin ofis na yau da kullum. Ya rataye abu biyu a samansa. Ɗaya majigi ne, kamar wanda ake nuna sinima da shi a jikin bango, amma shi wannan ƙasa yake haskawa, a kan teburin. Ɗayan kyamara ce mai kallon hannun mutum da takardun da ke gabansa. Ya kira shi DigitalDesk.

Ga yadda yake aiki. A ce kai ne magatakardan ƙungiyar manoma. Ga takarda gabanka, an rubuta kuɗin gyaɗar da aka saya. Majigin ya haska hoton na'urar lissafi kusa da takardar. Ka nuna lamba da yatsa. Kyamara ta karanta lambar, ta sa ta cikin lissafin. Ka nuna ta biyu, ita ma ta shiga. Jimla ta fito a kan teburin. Ba ka sake rubuta ko lamba ɗaya ba.

Wellner yana cikin na farko da suka nuna cewa saman tebur kansa yana iya zama fuskar kwamfuta. Daga nan wasu suka ɗauka.

A 1999, a babbar makarantar fasaha ta MIT a Amurka, John Underkoffler da malaminsa Hiroshi Ishii suka yi tebur na masu tsara gari. Sunansa Urp. Ana ɗora ƴan ƙananan siffofin gidaje a kansa. Sai inuwar kowane gida ta fito a kan teburin. In aka juya agogon da ke wurin, inuwar ta matsa, kamar yadda take matsawa daga hantsi zuwa la'asar. Yana kuma nuna ta inda iska za ta bi tsakanin gidajen. Duk maginin da ya taɓa tunanin inda zai sa ƙofar ɗaki saboda rana da ruwan gabas, ya san amfanin wannan.

TEBUR MAI SANIN WANDA YA TAƁA SHI

Saura matsala ta uku. In mutum huɗu suna aiki a tebur ɗaya, ƙaƙa na'ura za ta san hannun wane ne wannan?

A 2001, Paul Dietz da Darren Leigh suka amsa. Suna aiki a ɗakin bincike na kamfanin Mitsubishi a Amurka. Teburinsu sunansa DiamondTouch. A ƙarƙashin fatarsa akwai siraran wayoyi masu fitar da wata ƴar alamar lantarki. Ba ta da ƙarfi, mutum ba ya ma jin ta. In ka taɓa teburin, alamar ta bi ta jikinka, ta sauka cikin wani shimfiɗi da ke kan kujerarka. Kowace kujera da nata. Ta haka na'urar ke sanin cewa mai kujera ta biyu ne ya taɓa nan, mai kujera ta huɗu ne ya taɓa can.

Ku duba amfaninsa a aji. Ɗalibi huɗu suna haɗa haruffa su yi kalma. Malam yana iya sanin wanda ya yi daidai da wanda yake bukatar taimako. Mai ƙarfin baki ba ya iya cinye rabon mai kunya.

HASKE A CIKIN GILASHI

A 2005, wani masani a Jami'ar Niyok mai suna Jeff Han ya nuna hanya mai araha ta yin babban gilashi mai jin yatsu da yawa. Dabarar tasa kuna iya gwada irinta yau da dare. Ku cika kofin gilashi da ruwa. Ku riƙe shi, ku danna yatsa a jikinsa da ƙarfi, ku leƙa ta sama. Za ku ga zanen yatsanku ya fito sarai ta cikin ruwan. Inda fata ba ta taɓa ba, sai ƙyalli kamar madubi.

Haka Han ya yi. Ya ɗauki faffaɗar roba mai kauri, garau kamar gilashi. Ya jera fitilu a gefenta. Hasken ya shiga cikin robar ya maƙale, yana kai da kawowa, ba ya fita. In yatsa ya danna, sai hasken ya ɓalle a daidai wurin, ya warwatsu zuwa ƙasa. Kyamara tana ƙasa tana jira, sai ta ga ɗigo mai haske. Irin wannan dabara ce ke cikin na'urori da yawa na ɗaukar zanen yatsa. Waɗanda suka yi rajistar zaɓen 2020 sun tuna yadda aka sa su ɗora yatsu a kan ɗan gilashi. A farkon 2006, Han ya nuna aikinsa gaban taron jama'a a Amurka. Hoton taron ya yaɗu ta intanet, mutane da yawa suka fara ganin ana buɗa hoto da yatsu biyu.

A wannan lokaci kuma, a birnin Barsalona na ƙasar Sifaniya, wanda ƴan ƙwallo suka sani, wasu masana huɗu suka yi tebur na kiɗa. Shugabansu Sergi Jordà ne, na Jami'ar Pompeu Fabra. Sun fara aikin a 2003. Sunan teburin Reactable. Zagaye yake kamar faifai. Ana ɗora wasu ƴan dunƙule a kansa, kowane da alama a gindinsa. Kyamara tana karanta alamar daga ƙasa. Ka ɗora wannan, sauti ya tashi. Ka juya shi, sautin ya canza. Ka matso da wani kusa, sautin biyu su haɗu. Mutum uku ko huɗu suna iya kiɗa tare. A 2007, wata shahararriyar mawaƙiya mai suna Björk ta yi yawon wasa da shi a ƙasashe da dama.

TEBUR YA SHIGA KASUWA

Duk waɗanda muka ambata, yawancinsu a ɗakin bincike suka fara. Babban kamfanin da ya fito da teburin kasuwa da ƙarfinsa shi ne Microsoft na Amurka. Ma'aikatansa biyu, Steven Bathiche da Andy Wilson, suka fara tunanin abin a 2001. A 2003 aka yi na gwaji. Tebur suka saya a kanti, suka huda samansa, suka sa na'urori a ciki.

A ƙarshen watan Mayu na 2007 aka nuna shi ga duniya da sunan Surface. Fuskarsa, daga kusurwa zuwa kusurwa, santimita 76 ce. A cikinsa akwai majigi ɗaya mai haskowa daga ƙasa, da kyamara 5. Yana iya jin taɓawa 52 a lokaci guda, wato yatsun mutum biyar duka har da saura. Yana kuma gane kayan da aka ɗora masa in suna da alama. A watan Afrilu na 2008 aka fara sa shi a wasu kantunan sai da waya na kamfanin AT&T a Amurka. Mai saye ya ɗora waya a kai, sai bayaninta ya fito kewaye da ita. Ya ɗora biyu, teburin ya gwada masa bambancinsu. An sa shi kuma a wasu manyan masaukan baƙi.

A 2008 kamfanin SMART na Kanada ya fito da nasa teburin don yara ƴan makaranta. A 2012 Jami'ar Durham ta Ingila ta ba da sakamakon wani gwaji da ta yi da yara sama da 400. An iske yaran da suka yi lissafi tare a kan irin wannan tebur sun fi samo hanyoyi daban-daban na kaiwa ga amsa.

A 2011 Microsoft da kamfanin Samsung suka nuna sabon samfuri. Fuskarsa ta kai mita ɗaya, kaurinsa santimita 10 kawai. Ba majigi a cikinsa. Gilashin da kansa yake gani. A watan Yuni na 2012, Microsoft ya cire sunan Surface daga teburin, ya ba wata ƙaramar kwamfuta ta riƙewa a hannu. Teburin aka koma kiransa PixelSense. Daga baya aka daina ƙera shi.

ME YA HANA SHI YAƊUWA?

Na farko, tsada. Teburin 2007 kuɗinsa wajen dala 10,000 ne. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. A canjin wancan lokaci, kusan miliyan 5 ke nan na sefa. Na biyun ma ya haura dala 8,000. Ko a Turai, ba kowace makaranta ke iya saye ba.

Na biyu, nauyi da girma. Na farkon ya kai kusan kilo 90, ya kusa buhun hatsi cikakke. Ba a ɗaukarsa a je gona ko kasuwa da shi.

Na uku, yana son wutar lantarki kullum, kuma masu aiki da kyamara hasken rana mai ƙarfi yana ruɗa su. Ku yi tunanin ranar bazara ta nan wajenmu, da ƙurar hunturu.

Na huɗu, wanda ya fi duka, an yi masa ƙane mai farin jini. A shekarar nan ta 2007, kamfanin Apple ya fito da wayar iPhone. Ita ma tana jin yatsu fiye da ɗaya, ita ma ana buɗa hoto da yatsu biyu. Amma tana shiga aljihu. A 2010 aka fito da iPad, mai kamar girman allon makarantar allo. Wasu kamfanoni suka yi nasu masu araha. Jama'a suka zaɓi abin da za su iya ɗauka.

Teburin bai mutu ba. Har yanzu ana ƙera irinsa. Ana samunsa a gidajen ajiye kayan tarihi, da wasu makarantu, da wuraren da ake duba taswira. Akwai wani mai tsawon mutum wanda ɗaliban likita ke koyon sassan jiki da shi, suna buɗe hoton jiki da yatsa ba tare da wuƙa ba. Kuma abin da aka koya wajen ƙera shi bai tafi banza ba. Duk ranar da ka buɗa hoto da yatsu biyu a waya, aikin mutanen nan kake ci.

MU KUMA FA, NAN NIJAR?

Kada ku ce wannan labarin mutanen nesa ne. Tunanin a taru a kewaye na'ura ɗaya a koyi abu, mun daɗe da shi a ƙasar nan.

A 1962 aka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo, wato radiyo-kulob. Mutanen gari su taru, su saurari shiri, su yi muhawara. A ɗauki muryarsu, a kai gidan rediyo, a watsa. Ta haka aka sa rediyo ya ji amsar masu sauraro. A 1964 aka fara koyar da yara ta talabijin a Nijar, da taimakon Faransa. Mutane daga ƙasashe da yawa suka zo ganin yadda ake yi. Wasu akwatunan talabijin ɗin na ƙauye da hasken rana suke aiki.

Maganar hasken rana kuwa, ɗan ƙasarmu ne ya yi suna a kanta. Farfesa Abdou Moumouni, a Tasawa aka haife shi a 1929. Ya shugabanci ma'aikatar binciken makamashin rana ta Nijar tun daga 1969. Ya rasu a 1991, Allah ya jiƙan sa. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. Yau faranti mai ɗaukar hasken rana shi ke cika batirin waya a ƙauyuka da yawa inda wutar gwamnati ba ta kai ba.

Wayar salula ta shigo Nijar a 2001. A 2009 da 2010 aka yi wani gwaji a azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙauyuka sama da 100, a jihohin Doso da Damagaram. Sunansa shirin ABC. Ƙungiyar agaji ta Catholic Relief Services ta gudanar da shi, tare da wata masaniya mai suna Jenny Aker ta Jami'ar Tufts. A rabin ƙauyukan, an haɗa darasi da koyon aiki da ƙaramar waya. Mutum biyar, waya ɗaya. Suna koyon neman haruffa da lambobi, suna aika saƙo. Da aka yi jarrabawa, waɗanda suka koya da waya sun fi sauran a rubutu da lissafi. Dalili a fili yake: bayan an tashi daga aji, suna da wurin da za su yi amfani da karatunsu.

Kun gani ke nan. Mutum biyar kewaye da waya ɗaya a kan tabarma, suna gyara ma juna kuskure. Abin da teburin miliyan 5 ya so ya kawo, sun samu babban rabo a cikinsa da kuɗi kaɗan.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Bari in koma ga dattijon nan mai sabuwar waya. Bayan an tashi, ya tsaya ya gaya mini abin da ya kawo shi aji da furfurarsa. In ɗansa ya aiko da kuɗi, saƙo yana zuwa ta waya. Shi ba ya iya karantawa. Sai ya miƙa ma wani ya duba masa. Wata rana aka ce masa jika 15 ne. Da ɗan ya dawo gida, ya ce jika 25 ya aiko. Jika 10 sun bi iska, ga shi lokacin rani ne, rumbu ya yi ƙasa. Ya ce mini: "Malam, ba kuɗin suka fi yi mini ciwo ba. Abin yana hannuna, idona biyu, amma ban gani ba."

Ƴan uwa, gilashin nan yana jin yatsan kowa. Bai san sarki ba, bai san talaka ba. Amma yatsa yana zuwa ne inda ido ya nuna masa. In an rubuta "aika" a nan, an rubuta "fasa" a can, wanda ya iya karatu ne ya san inda zai taɓa. In lamba 15,000 ce ko 25,000, wanda ya san lissafi ne zai rarrabe. Dattijon nan yanzu da kansa yake karanta lambobin saƙonsa. Haruffa suna ba shi wuya har yanzu, amma yana zuwa kullum. Sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka ga shawara. In akwai waya cikin ajinku, ku aje ta tsakiyar tabarma, ku kewaye ta kamar akushi. Kowa ya rubuta sunansa da sunan garinsu. Kowa ya karanta saƙo ɗaya da ƙarfi. A ba mata da dattawa lokacinsu, kada samari su riƙe ta su kaɗai. Lambar sirri ta kuɗinka kuwa, kada ka faɗa ma kowa, ko a aji ne.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna tare da malaminku:

1. Don me wayar shafawa ba ta jin karan dawa, amma tana jin yatsa?
2. Daga 1965 zuwa 2007, shekara nawa ke nan?
3. Da a ce akwai irin wannan tebur a garinku, wane aiki za ku fara yi da shi: lissafin ƙungiya, taswirar gonaki, ko karatun yara? Don me?

Ku rubuta amsarku da hannunku, ku ba malaminku ya aiko mana. Za mu karanta wasu daga ciki a shiri mai zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana fahimta. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.